Daga Kingsway zuwa The Palms: manyan kantunan Legas da makomar kasuwarmu

Duk wanda ya daɗe a nan Agege ya san labarin Kingsway, ko da daga bakin dattawa ne. Kamfanin UAC ne ya buɗe shi a titin Marina a shekarar 1948, kuma a lokacin Turawa da manyan ma'aikatan gwamnati ne ke cika shi. A rufi guda za ka sami yadi, takalmi, rediyo, kwanuka da abincin gwangwani, kowanne da farashinsa a manne, babu tayi, babu "albarka". Daga baya Leventis da UTC suka bi sahu. Iyayenmu kuwa, da fataucin goro da shanu ya kawo su Kurmi, akasarinsu kallo ne ya kan kai su can.

Kingsway ya ci zamaninsa lokacin da kuɗin fetur ya cika gari. Amma kusan duk hajarsa daga waje ake shigo da ita. Da farashin mai ya faɗi, gwamnati ta tsananta lasisin shigo da kaya, sannan a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, naira ta karye. Ma'aikacin da ke sayayya a kanti ya koma kasuwa, kafin shekarun 1980 su ƙare Kingsway ya rufe. Abin da ya rage daga gare shi shi ne Mr Bigg's, wanda ya samo asali daga ɗakunan cin abincin kantin.

Sai a ƙarshen 2005 babban kanti ya dawo, amma da wata siga. A Lekki, bayan gari, kamfanin Persianas na Tayo Amusan tare da Actis suka gina The Palms. Tsarin na Amurka ne, can aka fara shi tun 1956 a wani rukunin kantuna mai suna Southdale: a nemi fili inda masu mota ke zaune, a sa manyan kantuna biyu su jawo jama'a, ƙananan shaguna su ci albarkacinsu. A The Palms manyan biyun su ne Shoprite da Game, dukkansu daga Afirka ta Kudu, ga gidan silima, ga sanyin na'ura, ga wajen ajiye motoci. Abin ya karɓu. A 2011 aka buɗe Ikeja City Mall a Alausa, nan kusa da mu, a 2014 kuma Ado Bayero Mall a Kano. Wa ya manta layin burodin Shoprite? Ranar Sallah yaranmu kan tafi Ikeja su ɗauki hoto, su sha askirim, su dawo.

A lokacin an yi ta cewa wai kasuwa ta mutu, mai tebur da mai baro sai su nemi wata sana'a. To, sai ga shi ciwon da ya kashe Kingsway ya sake dawowa. Naira ta yi ta faɗuwa, dala ta yi wuya, kaya na daɗewa a tashar jiragen ruwa ta Apapa. A 2019 an far wa wasu rassan Shoprite saboda abin da ake yi wa 'yan Najeriya a Afirka ta Kudu, a watan Oktoban 2020 kuma, lokacin rikicin EndSARS, aka wawashe rassan Lekki da Surulere. A 2021 masu Shoprite suka sayar da kasuwancinsu na Najeriya ga 'yan ƙasa, daga baya Game ma ya tattara nasa ya tafi. Reshen Shoprite na Kano ya rufe a farkon 2024. Mile 12 kuwa tana nan, kullum motocin tumatir da albasa da tattasai na sauka daga Arewa tun kafin asuba.

Sai dai kada mu yi saurin murna. Babban kanti bai taɓa ƙwace mana masu saye ba, domin mai sayen kashin tumatir na yau da gobe ba zai je Lekki ba. Inda abin ya taɓa mu shi ne fili. Tun da masu kuɗi suka ga ribar ginin kantuna, kowace tsohuwar kasuwa ta zama abin hari. Tejuosho ta ƙone a 2007, da aka sake gina ta kuɗin shago ya fi ƙarfin da yawa daga tsofaffin 'yan kasuwar. A Janairun 2016 aka rushe kasuwar Owonifari a Oshodi. Bayan rikicin Mile 12 na wannan shekarar, gwamnati ta yi maganar mayar da kasuwar Imota, can wajen Ikorodu.

Da yawanmu mun shekara ashirin, wasu talatin, a rumfa ɗaya ba mu da takarda ko ɗaya a hannu, sai dai "ai kowa ya san wurina ne". Ranar da katafila ta iso, wannan maganar ba ta tsayar da ita. Don haka muna kira ga shugabannin kasuwa da fadar Sarkin Hausawa: a rubuta sunan kowane mai rumfa, a adana rasidin haraji da na haya, ƙungiya ta yi rajista, a sami lauya tun ana zaman lafiya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana dukiyarmu, amin.