Wasan harbin saiti: yadda ake zaɓen bindigar gasa da daidaita sassanta

Da yawanmu mun ga hoton ɗan Turkiyyar nan Yusuf Dikeç da ya zagaye Facebook lokacin gasar Olamfik ta Faris a 2024. Dattijo mai shekara 51, furfura a kai, hannu ɗaya cikin aljihu, ya miƙa ƙaramar bindiga kamar mai nuna wa baƙo hanya, kuma shi da abokiyar wasansa suka tafi gida da lambar azurfa. Jama'a suka yi ta cewa ai shi ba ya buƙatar kayan aiki. Gaskiya ne bai sa gilashin nan mai marfi da manyan abin toshe kunne da wasu ke sawa ba, amma aikin yana cikin bindigar da ke hannunsa. Mariƙinta, kunamarta, saitinta da harsashinta, babu wanda aka bari yadda ya fito daga kwali. Wannan shi ne abin da nake so in warware mana yau, don masu sha'awar kallon wasan da kuma iyayen da yaransu ke tambaya.

Kafin in shiga, bari in fara da maganar doka, don mu da ke zaune a kudu ta fi shafar mu. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Ƙananan bindigogi masu cin harsashin albarushi suna cikin waɗanda aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar iska, doguwa ko gajera, tana rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka ta mafarauta kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da izininta. Ka ga ke nan ko ta iskar da wasu ke ɗauka abin wasan yara ce, a idon doka makami ce, kuma hukumomi sun sha dakatar da bayar da sabon lasisi. Ba mu manta da Uromi ba, inda a ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16, mafarauta, da suka taso daga jihar Ribas za su Kano yin sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Allah ya jiƙansu. Saboda haka duk wanda ke son wasan nan a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, hanyarsa ita ce ta hukumar wasanni ta jiharsa ko hukumar wasan harbi ta ƙasa, ya yi atisaye da kayan filin, ya bar su a ma'ajiyar filin. Kada wani ya rarrashe ka ka yi odar bindiga ta intanet ka ajiye a ɗaki.

Wasan kansa tsoho ne, yana cikin Olamfik tun ta farko a 1896. Hukumar da ke kula da shi a duniya, ISSF, an kafa ta a 1907, hedikwatarta na birnin Munik na Jamus, kuma ita ke tsara awon kowane sashe na bindiga. Akwai gasar mita 25 da ta mita 50 da ake yi da ƙaramin harsashin albarushi mai faɗin milimita 5.6, amma kusan kowa da bindigar iska ta mita 10 yake farawa, don haka a kanta zan fi tsayawa. Doguwar ta shiga Olamfik a 1984, gajerar a 1988.

A zagayen share fage ana harbi 60 cikin minti 75, a tsaye. Ga mai doguwar bindiga, tsakiyar abin saitin da ke ba da maki goma faɗinsa rabin milimita ne, wato kamar ɗigon aya a ƙarshen wannan jimla, ƙwayar gero ta fi shi girma nesa. Shi ma goman an sake tsaga shi, daga 10.0 zuwa 10.9. A Faris, 'yar Koriya ta Kudu Ban Hyo-jin, mai shekara 16, ta yi kunnen doki da 'yar Sin Huang Yuting a wasan ƙarshe, aka ba su harbi ɗaya na raba gardama, ta samu 10.4 waccan ta samu 10.3. Tazarar da ta raba zinare da azurfa ba ta kai kaurin farce ba. To mai irin wannan lissafi, dole ya damu da kowane ɗan sukuru.

Gindi da mariƙi

Ni a ganina, nan ne mai farawa ya kamata ya ɓata lokacinsa, fiye da tambayar wane kamfani ya fi. Feinwerkbau da Walther da Anschütz na Jamus, Steyr na Ostiriya, Pardini na Italiya, Morini na Suwizalan, dukkansu idan ka ɗaure bindigarsu a maƙalin ƙarfe ka harba sau goma, kusan rami ɗaya za ka gani. Bindigar ta fi mai riƙe ta iya harbi. Abin da ya rage shi ne ta zauna a jikinka kamar rigar da tela ya gwada ka kafin ya yanka.

Doguwar bindigar iska ba a yarda ta wuce kilo 5.5 ba. Gindinta, wanda yanzu yawanci na alminiyam ne, yana da wurare da dama da ake sassautawa a matsar: farantin da ke dafe kafaɗa, matashin da kunci ke kwanciya a kai, mariƙi, da wurin da hannun hagu ke tallafe ta daga ƙasa. Ana farawa da tsawo. Idan gindin ya yi tsawo, kafaɗa za ta janye baya, nauyi ya rinjayi gaba. Idan ya yi gajarta, wuya zai lanƙwashe. Daga nan sai matashin kunci, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: ka rufe ido, ka ɗora bindiga, ka kwantar da kunci yadda ya yi maka daɗi, sannan ka buɗe. In idonka bai faɗa daidai tsakiyar ramin saiti ba, matashin za ka matsar, kada ka karkata kai ka bi shi. Wuyan da aka tilasta wa zama a karkace zai jure harbi goma, ba zai jure sittin ba.

Ana kuma ƙara 'yan ƙarafa masu nauyi a gaba ko a baya. Nauyi a baki yana rage saurin rawar bututu, amma yana gajiyar da baya, don haka yaro ko mai ƙaramin jiki gara a ba shi mara nauyi. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta a littafi, a yi kwanaki ana harbi da shi kafin a taɓa wani. Mai juya sukuru huɗu rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Ita gajerar bindiga da hannu ɗaya ake riƙe ta, ba jingina, don haka mariƙin shi ne komai. Na katako ne, an sassaƙa shi da siffar tafin hannu, da ɗan dandamali a ƙasa da ake ɗagawa ko saukewa ya tokare gefen hannu. Ana sayar da shi ƙarami, matsakaici da babba, na dama da na hagu, amma manyan 'yan wasa sai sun bi shi da magogi sun kankare inda ya matse, sun cike inda ya yi rami da ƙullin katako. Doka ta sa iyaka: kada mariƙin ya zagaye hannu, kada ya taɓa wuyan hannu, bindigar duka kada ta wuce kilo ɗaya da rabi, kuma ta shige cikin akwatin gwaji mai tsawon milimita 420, faɗi 200, kauri 50. Wanda ya cika ƙulli har murfin ya ƙi rufuwa, sai ya koma gefe da magogi. Hannu kuma yana ɗan kumbura da zafi, mariƙin da aka gyara wa mutum a sanyin Jos zai iya matse shi a Legas, shi ya sa ake barin ɗan sarari.

Kunama

Kunamar gasa hawa biyu gare ta. Kana ja a hankali sai ka ji ta tsaya kamar ta ci karo da bango, ƙarin ɗan matsi kaɗan sai ta saki. A doguwar bindiga doka ba ta sa mafi ƙarancin nauyi ba, mutane kan bar ta ƙasa da giram 100, abin da in ba ka saba ba za ta tashi kafin ka shirya. A gajerar bindigar iska kuwa dole ta ɗauki giram 500, a ta mita 25 giram 1,000. Alƙalai suna gwadawa ta hanyar rataya ƙarfen awo a jikin kunamar, bindiga na kallon sama, a ɗaga a hankali. In ta saki, ba ta ci jarrabawa ba. Kuma bayan an gama harbi ana zaɓen wasu a sake gwada su, wanda tasa ta gaza an soke makinsa gaba ɗaya. Shi ya sa masu hankali ke barin ta a wajen giram 520, don zafi da sanyi da tsufan ƙarfe na iya rage wani abu.

Gwanintar tana wajen raba nauyin nan tsakanin hawa biyun. Da yawa sukan ɗora mafi yawansa a hawan farko, ta yadda na biyu ba ya buƙatar ƙarfin da zai girgiza hannu. Haka ma wurin da yatsa ke sauka: ana matsar da harshen kunamar gaba ko baya har gaɓar farko ta yatsa ta zauna a kai ta ja ta miƙe zuwa baya. In tana ja a karkace, harbi zai riƙa zamewa gefe, mutum ya yi ta zargin saiti. Akwai dai sukuru ɗaya, wanda ke riƙe haƙoran ciki da ke hana bindiga tashi, wannan ba na mai koyo ba ne. A bar wa koci ko makanikin da ya san aikin, don in aka rage shi fiye da kima bindiga na iya tashi da kanta lokacin rufe ta.

Saiti

Babu madubin jawo abu kusa, babu hasken lesa, duk an hana. Doguwar bindiga tana da ɗan mitsitsin rami a baya da zobe a gaba, aikin ido shi ne ya sa baƙin da'irar nan mai faɗin milimita 30.5 a tsakiyar zoben, zoben kuma a tsakiyar ramin. Masu koyo suna son ƙaramin zobe, suna ganin zai fi daidai. Akasin haka ne. Hannunka na rawa, in zoben ya matse da'irar za ka riƙa ganin tana fita tana shiga, sai ka fizgi kunama don ka cafke ta. Zobe mai faɗi, sama da milimita huɗu, shi ya fi wa mai farawa. A gajerar bindiga kuma, ido yana kan ɗan ƙarfen gaba ne, abin saitin can nesa a bar shi ya yi dishi-dishi, kuma yawanci ƙasa da baƙin ake aunawa, inda fari ke bayyana saitin sosai.

Wani abu da ke rikita baƙi: saitin Jamusawa yana ɗauke da haruffa H da T da L da R, sau da yawa da kalmar bei a gabansu. Ma'anarsa, in harbinka ya tafi sama, juya wajen H, in ya tafi hagu, juya wajen L. Wato harafin yana faɗar inda kuskuren yake. Kuma ba a gyara saiti don harbi ɗaya, sai an ga inda biyar ko goma suka taru.

Harsashi da iska

Harsashin ɗan dalma ne mai faɗin milimita 4.5, nauyinsa kusan rabin giram, kansa a baje don ya huda takarda da'ira tsaf. RWS da H&N na Jamus da JSB na ƙasar Cek suna cikin sanannun masu yin sa. A ƙasan gwangwani za ka ga 4.49 ko 4.50 da lambar rukunin da aka buga shi. Kowane bututu da irin wanda yake so, ko da bindigogi biyu sun fito daga layi ɗaya. Manyan 'yan wasa sukan ɗaure bindiga su gwada rukuni daban-daban, wanda ya fi tara harbi wuri ɗaya su sayi na shekara guda. Mai koyo bai kai nan ba tukuna, ya samu iri ɗaya mai kyau ya tsaya a kai. Wanda ya faɗi ƙasa ko bakinsa ya lotsa a jefar, a kuma wanke hannu kafin a ci abinci, dalma guba ce.

Iskar tana cikin silinda ƙarƙashin bututu, a matse har bar 200, wasu 300. Tayar mota ba ta wuce bar biyu da ɗoriya, don haka injin mai faci ba zai cika ta ba, sai famfon hannu na musamman ko tukunyar iskar masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa. Iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti kuwa, kada a kuskura, tana haɗuwa da maiƙo ta fashe. Silindar na da wa'adin shekara goma daga ranar da aka buga a jikinta, in ya wuce ba a shiga gasa da ita. Duk mai duba ta hannu, wannan kwanan watan zai fara karantawa, don sabuwar doguwar bindigar gasa ta haura yuro dubu biyu, kuma mai sayar da tsohuwa da arha sau da yawa silindarsa ce ta kusa ƙarewa. A garuruwan bakin teku irin namu laima na cin ƙarfe da sauri, sai a riƙa shafe bayan bututun da tsumma mai ɗan mai bayan kowane atisaye, a sa ƙunshin nan mai tsotse danshi cikin akwati, kuma kada a bar cikakkiyar silinda a cikin motar da ke tsaye a rana.