Gadon Yunwa da Ciwon Sukari a Kanan-Bakashe

Mutanen Kanan-Bakashe, tsakanin Tasawa da Mayahi, sun sha yunwa a 1913, 1973, 1984 da 2005. A 1962, masanin Amurka James Neel ya yi hasashen cewa jikin da ya gaji tanadin kitse saboda fari shi ne ke kamuwa da ciwon sukari idan wadata ta samu. Bincike bai tabbatar da hakan ba. Amma a 2006 an gano alaƙar ciwon da ƙwayar gado TCF7L2, alaƙar da aka sake gani a Afirka ta Yamma. Gado dai iri ne; ƙiba da rashin motsa jiki ne daminarsa. Wanda iyayensa suka yi ciwon, ya auna jininsa da wuri.