Tarihin Filin Millennium na Abuja da Karatun da Muke Wucewa Ba Mu Ɗauka



Duk wanda ya yi Sallah a Abuja ya san yadda filin shaƙatawa na Millennium da ke Maitama yake cika ya batse. Daga Kubwa, Nyanya, Mararaba, Zuba da Karmo muke kwaso yara, a shimfiɗa tabarma, a ci abinci, a ɗauki hotuna, la'asar sakaliya a kama hanyar gida. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa waɗanda suka tsara wurin sun ware wani sashe nasa ne domin karatu. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihinsa, mu kuma duba abin da 'ya'yanmu za su iya samu a cikinsa.

Tarihin filin yana haɗe da na birnin kansa. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar da sabon wurin, bayan kwana goma aka kashe shi. An yanko ƙasar daga jihohin Neja, Filato da Kwara na wancan lokaci, inda Gbagyi da maƙwabtansu suka daɗe suna noma. Sunan kuma an aro shi ne daga tsohon garin Abuja, wanda Abu Ja, ɗaya daga cikin sarakunan Zazzau na Haɓe, ya kafa a 1828. Garin ne ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta yi la'akari da abin da aka tarar a wurin: duwatsu, rafuka da kurmi a bakin ruwa. Aka tsara cewa kwaruruka da gaɓar rafuka za a bar su kore, ba za a yi gini a kansu ba, domin su riƙe ruwan sama, su kuma sanyaya gari. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, amma sai bayan shekara 12 birnin ya samu babban filin shaƙatawa da ya dace da shi.

A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo aka yi aikin. Wani mai zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya zana filin, kamfanin Salini ya gina, a kan fili mai faɗin kimanin hekta 32. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003, lokacin da Abuja ta karɓi taron shugabannin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. A wajen bikin shugabannin sun dasa wata bishiya 'yar asalin tsibirin Madagaska, mai ganye irin na ayaba da ke bajewa kamar mafici.

Rafi ne ya raba filin gida biyu. Ɓangaren da aka fi sani shi ne na ƙofar shiga, mai miƙaƙƙiyar hanya da aka shimfiɗa da farin dutse, da ruwan da ke tsartuwa sama, da ciyawa a gyare. A nan yawancinmu muke tsayawa. Tsallaken rafin kuwa an ware shi ne domin nuna ire-iren tsirran Najeriya, hawa-hawa: na kan dutse, na dajin da ke da ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi irin na Arewa, na dajin da ke kaɗe ganye da rani, da na kurmi irin na Kudu. A cikin tsarin har da wuraren rainon tsuntsaye da malam-buɗe-littafi. Manufar ita ce yaro ya taka da ƙafarsa ya ga bambancin da zai sha doguwar tafiya daga Sakkwato zuwa Kalaba kafin ya gani.

Wani abin lura shi ne mai zanen ya daidaita babbar hanyar filin da wani tsohon rimi da aka tarar a wurin, bai sa an sare shi ba. Baƙo daga Turai ya gane darajar rimi, to mu fa? Iyayenmu da audugar rimi suke cika katifa da matashin kai, da rimi ake gane gari tun daga nesa, kuma duk wanda ya san birnin Zariya ya san rimayenta. Yau a tara yaranmu goma da aka haifa a Abuja, a nuna musu wannan bishiya, a ga nawa za su faɗi sunanta da Hausa.

Wannan ita ce asarar da ke damunmu. Sunayen garuruwa da unguwanninmu cike suke da bishiyoyi: Rimi a Katsina, Kukawa a Borno, Kurna, Ɗorayi da Giginyu a Kano, har Durumi a nan Abuja sunan bishiya ne a bakin Bahaushe. Yaro yana cin daddawa bai san daga kalwar ɗorawa take ba, ana shafa masa man kaɗe bai taɓa ganin kaɗanya ba, alhali duka biyun suna fitowa a ƙasar Abuja. Bai san cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani ba, wanda shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. Idan sunan ya ɓace, sanin amfanin yana bin bayansa, kuma wanda bai san amfanin bishiya ba, ba zai ji komai ba ranar da aka zo da gatari.

Gatarin kuwa ba ya nisa. Filaye da yawa da taswira ta ce a bar su kore sun koma shaguna, mashaya da gidaje. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙwato wasu, amma matsin bai tsaya ba, kuma kowace damina muna ganin yadda ruwa ke cin unguwannin da aka gina a kan hanyarsa. Da aka rufe filin Millennium a 2020 saboda annobar korona, bai buɗe ba sai 2022, iyalai da dama sun gane cewa ba su da wani wuri mai faɗi kamarsa da za su kai yara.

Saboda haka muna kira ga iyaye da malaman makarantunmu, na boko da na Islamiyya, da a sauya salon zuwa. A zaɓi ranar da ba cunkoso, a tafi da safe. A tafi da dattijo ko dattijuwa da suka tashi a karkara, domin su ne suka san sunan kowace bishiya da abin da ake yi da ita. Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir, ya zana ganye, ya rubuta sunan da Hausa, idan an koma gida a nemo na Turanci. A haye rafin, kada a tsaya a bakin ƙofa. Wanda yake da hali ya ƙarasa gidan namun daji na yara da ke Asokoro a gindin Dutsen Aso, inda yaro zai ga jimina, kada da kunkuru ido da ido, ba a waya ba. Kuma a koya musu kada su karya reshe, kada su bar leda a ƙasa.

Muna roƙon 'yan uwa da suka san bishiyoyi da amfaninsu su sanar da shugabannin ƙungiya, domin mu haɗa su da iyalan da ke son rakiya a hutun makaranta mai zuwa. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su fi mu sanin ƙasarsu.