Waɗanda suka ɗauki igwa a ka zuwa Kano

'Yan uwa, a taronmu na Kubwa wani dattijo ya ce kakansa sojan igwa ne zamanin Turawa. Wannan magana ta sa na shiga bincike.

A Ingila, tun 1859 akwai sojan igwa na sa-kai: ma'aikata da 'yan kasuwa ne, suna atisaye da yamma da ƙarshen mako. A 1908 aka haɗe su cikin rundunar ko-ta-kwana, kuma sunayensu na nan a rubuce. Rundunar da Lugga ya kafa a nan a 1897 ta cikakken aiki ce. Ƙarfinta kuwa a wuyan 'yan dako yake. Kwance igwar ake yi gunduwa-gunduwa, kowa ya ɗora tasa a ka. Haka aka kai igwa huɗu bakin ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ƙarƙashin Kanar Molan. Sunan Kanar kowa ya sani, 'yan dakon kuwa a rahoto yawansu kawai ake faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Wanda ke da takardar sallama ko lambar kakansa a gida, don Allah ya kawo mu ɗauki hoto kafin gara ta cinye.