Jona wuta daga batirin mota

Direbobi da yawa a Tasawa da Mayahi kan ƙara fitila, rediyo ko cajar salula a motarsu. Kafin ka yi haka, ka san waɗannan abubuwa.

Batirin ƙaramar mota yana da bolt 12, na manyan motoci da yawa kuwa 24. Salula bolt 5 take sha. Kada ka jona ta kai tsaye, sai da caja, in ba haka ba za ta ƙone.

Ka fara cire kan batir mai alamar (−). Sannan ka sa fiyus a kan waya mai alamar (+), kusa da batir. Fiyus ɗan ƙarfe ne da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. Fitila mai wat 60 tana jan amfiya 5, saboda haka fiyus mai lamba 7,5 ya ishe ta. In ya tsinke, kada ka ɗaura waya a madadinsa. Wannan dabara ta ƙone motoci.

Hanyoyin ƙauye suna girgiza mota, ƙarfe ya goge robar waya har ta feɗe. Ka ɗaure wayar da kyau, nesa da zafin inji. In ka kashe mota, ka kashe fitilar, don kada batir ya wayi gari babu wuta.