Ƙa'idar Sandford da Haƙar Ma'adini a Gandun North York Moors: Gyara ga Wata Fahimta

Akwai ra'ayin da ya fara samun gindin zama a tsakanin masu nazarin muhalli a jami'o'inmu, wai Ingila ta daɗe da raba gardama tsakanin kare gandun ƙasa da ayyukan raya ƙasa, domin dokarta ta ce duk inda suka yi karo, gandu ne da rinjaye. Kwanan baya wani abokin aiki ya kafa hujja da wannan, har ya nemi mu ɗauko tsarin yadda yake. A ganina an yi wa ƙa'idar karatun gaggawa.

Tushen sananne ne: dokar gandayen ƙasa ta 1949, rahoton kwamitin Sandford na 1974, sai dokar muhalli ta 1995 da ta ba gandaye hukumomi masu ikon ba da izinin gini. Wanda ya saba da Yankari dai ya lura cewa waɗannan gandaye cike suke da ƙauyuka da gonaki da garken tumaki, kuma galibin filayen na ɗaiɗaikun mutane ne. Da takardar izinin gini ake tsaron su.

Ƙa'idar Sandford tana magana ne kan manufofi biyu kacal, kare yanayin wuri da ba jama'a damar shaƙatawa a cikinsa. In suka ƙi sulhuntuwa, sai a fifita ta farko. Ba ta yi hukunci tsakanin gandu da tattalin arziki ba. Wannan yana ƙarƙashin wani sharaɗi dabam, wanda ya ce a hana manyan ayyuka sai in an shiga yanayi na musamman kuma aikin na da amfani ga jama'a. A wannan togaciyar magana take.

A 2015 kamfanin Sirius Minerals ya samu izinin haƙar ma'adinin takin zamani a kudu da garin Whitby, a cikin gandun North York Moors. Jami'an hukumar gandun, a rahotonsu, ba su gamsu cewa an cika sharaɗin ba. Duk da haka mambobin hukumar suka amince, takwas da bakwai. Ƙuri'a ɗaya ta yanke hukuncin, kuma alƙawarin guraben aiki ne ya yi nauyi a zauren.

Abokin aikina zai ce, to ai tsarin ya yi aikinsa. Ba a bar kamfani ya yi yadda ya ga dama ba: injinan ɗago ma'adini an nutsar da su ƙarƙashin ƙasa, an kare wurin da tudun ƙasa da itatuwa, kayan kuma za su bi ramin da ya kai kilomita 37 zuwa Teesside maimakon manyan motoci su riƙa ratsa ƙauyuka. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Da wuya kamfani ya ɗauki irin wannan tsada in ba don tsoron a ƙi shi ba. Amma a duba abin da ta tabbatar: tsarin ya gyara siffar aikin, bai hana shi ba. Da'awar farko kuwa ita ce gandu ke rinjaye.

Dole ni ma in rage tawa da'awar. Misali ɗaya ba ya isa a ce tsarin kan rusuna wa duk mai jari. Abin da zan iya tsayawa a kai ƙarami ne: a ƙananan ayyuka dokar na da haƙora, domin manomin da ke son mayar da tsohon rumbunsa gida sai an duba irin dutsen bango da launin rufi da girman taga, a manyan ayyuka kuwa hukunci kan koma hannun mambobi, waɗanda yawancinsu kansiloli ne masu jama'ar da za su amsa wa.

Duk mai son a aro wannan tsari don gandayenmu, ya fara karanta togaciyar nan da yadda aka yi da ita a 2015 kafin ya sake ambaton Sandford.