Bawul ɗin da Aka Saya da Rayuka

Da hunturu ya kankama, masu gyaran wuta da na famfo ba su zama. Wannan ya ce hitar ruwansa ta ƙi yin zafi, wancan ya ce tasa tana ɗiga. Abin da ke damuna shi ne irin maganin da nake gani ana yi: bawul ɗin sauke matsi ya ɗiga, a toshe shi, na'urar yanke wuta ta dame mutum, a haɗa waya kai tsaye. Wanda ya san yadda waɗannan ƙananan ƙarafa suka shigo cikin tankin, hannunsa zai yi nauyi kafin ya taɓa su.

Hitar farko da gas take aiki. A 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera na'urar da ke dumama ruwa yayin da yake kwarara zuwa baho. Ba ta da bututun fitar da hayaƙi, don haka mai wanka yana shaƙar guba. A 1889 Edwin Ruud, injiniya ɗan Norwe da ke aiki a Pittsburgh ta Amurka, ya fito da tanki mai ajiye ruwan zafi wanda ke kunna wutarsa ya kashe da kansa. Lantarki kuwa sai da ya jira Albert Marsh, wanda a 1906 ya sami rajistar wayar da ya haɗa daga nikel da kuromiyam, mai yin ja ba tare da ta ƙone ba. Irinta ce har yau a cikin ƙarfen da ke dumama ruwan. Rufinta da ruwa ne ke hana ta wuce zafin da take iya jurewa, shi ya sa wanda ya kunna hita tanki babu ruwa yake kashe ta nan take. Ruwan burtsatse mai yawan ma'adinai kuma yana lulluɓe ta da farin ɓawo, ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, tankin ya riƙa guna-guni.

Akwai wata sanda ta maganiziyam a ciki da mutane da yawa ba su san da ita ba. Asalinta a teku ne. A 1824 Humphry Davy ya nuna wa rundunar ruwan Ingila cewa idan aka liƙa tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin tagullar jirgi, su tsatsa za ta ci ta bar tagullar. Haka sandar take: ita ce ke cinyewa don tanki ya tsira. Idan ta ƙare ba a sauya ba, tsatsa sai ta koma kan tankin, kuma tankin da ya huje daga gindi ba shi da gyara.

Labarin bawul shi ne mai ɗaci. Ranar 20 ga Maris 1905 tukunyar tururi ta fashe a masana'antar takalma ta Grover a garin Brockton, jihar Massachusetts, mutum 58 suka rasu. Bayan haka jihar ta kafa dokar tukwanen tururi, ƙungiyar injiniyoyi ta ASME kuma ta fitar da ƙa'idojinta na 1914. Dalilin tsoron a fili yake. Ruwan da ke rufe a tanki yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da ƙarfen ya tsage, sai wani ɓangare na ruwan ya koma tururi a lokaci guda, girmansa ya ninka kusan sau 1,600. Ranar 19 ga Janairu 1982 hita ta fashe a wata makarantar firamare a Spencer, jihar Oklahoma, yara na cin abincin rana. Ɗalibai 6 da malama 1 suka rasu. Bincike ya gano na'urar daidaita zafin ta lalace, kuma an cire wa bawul ɗin sashen da ke jin zafi. Hitar ta gas ce, amma ta lantarki ma ta dogara da irin waɗannan kariya.

A ganina, mai gyaran da ya toshe bawul ya fi wanda bai iya gyara ba haɗari, domin shi ya bar gidan ana yi masa godiya. Bawul mai ɗiga yana faɗin ɗaya daga abu uku ne: ko ruwan ya yi zafi fiye da ƙima, ko matsi ya yi yawa, ko shi kansa ya tsufa. Duk ukun ana magance su da kuɗi kaɗan.

Maigida, idan an zo duba hitarka a wannan hunturu, ka tsaya a wurin. A kashe wuta tukuna, a gwada na'urar yanke wutar, a tabbatar wayar ƙasa tana haɗe. Bawul kuwa idan ya lalace, a sayo sabo, kada ka yarda a toshe shi.